JIKI MAGAYI: YADDA ZA A GANE CIWO A JIKIN TSOHON DA YA RUƊE

Wannan shi ne jawabin da wani malamin asibiti ya yi a Gauraka, kusa da Suleja cikin Jihar Neja, a gaban 'yan'uwanmu da suka zo gida yin Sallah daga Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal. Mun buga shi dukansa saboda waɗanda ba su sami zuwa ba.

 

An ce in yi magana a kan lafiyar tsofaffi. Fagen yana da faɗi, lokaci kuwa kaɗan ne, saboda haka na zaɓi abu ɗaya tak, watau tsohon da gigin tsufa ya kama, wanda ciwo ke cinsa amma ba ya iya faɗi. Na zaɓi wannan ne domin yawancinku kuna Kurmi, iyayenku suna nan, abin da ke tsakaninku da su sai waya da aiken kuɗi. Kakan bugo ka ce, "Yaya jikin Baba?" A ce maka, "Da sauƙi." Ka ce a ba shi wayar, shi ma ya ce, "Alhamdu lillahi." Ka kashe waya hankalinka kwance. To, yau ina so in ɗan tayar muku da hankalin nan, gwargwadon yadda zai yi amfani.

Da farko mu san abin da muke magana a kai. Gigin tsufa, ko ruɗewa, ko ciwon mantuwa kamar yadda ake ce masa yanzu, ba tsufa ba ne kawai. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, mai cin ta sannu a hankali cikin shekaru. Da yawa daga cikin tsofaffinmu sukan kai shekara casa'in da hankalinsu garau. Wanda cutar ta kama kuwa, yakan fara da manta abin da ya faru ɗazu, alhali abin da ya faru shekara hamsin yana nan daram a kansa. Shi ya sa za ka ji tsoho a nan Gauraka ya dage sai an kai shi kasuwar Abuja, jikoki su yi ta dariya, ba su san Suleja yake nufi ba, domin sunan da ya taso ya sani ke nan kafin a zaɓi wurin sabon babban birnin tarayya a 1976, garin ya bar wa birnin sunansa. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, shi ya fara bayyana irin da ya fi yawa a cikin cututtukan nan a 1906, kuma da sunansa ake kiran irin har yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da ciwon mantuwa, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuwa a ƙasashe irin namu suke, ba a Turai ba. Mutanen Badun da ke zaune a nan, a garinku aka yi bincike mafi shahara a kan wannan cuta a ƙasar nan. An fara shi a 1992 a unguwar Idikan, marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi na Asibitin Koyarwa na Badun suka haɗa hannu da likitocin birnin Indiyanafolis na Amurka, suka sami kimanin mutum biyu cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 65 suna da ita. A Zariya ma an yi irinsa, aka buga a 2011, aka sami kusan uku cikin ɗari. Ba ciwon Yarabawa ba ne, ba na Turawa ba ne, kuma ba maita ba ce. Na faɗi wannan da gangan, domin kun san abin da ake yi wa tsohuwar da aka tsinta tana yawo da tsakar dare tana surutai, a nan Arewa da can Kudu duka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan asibiti, suna zaton wanda ya ruɗe ba ya jin ciwo kamar sauran jama'a. Wannan kuskure ne babba. Abin da cutar ke fara rushewa shi ne tunawa da kuma magana. Hanyar da zafi ke bi daga fata ko ƙashi zuwa ƙwaƙwalwa kuwa tana nan tana aiki. Yana jin ciwon sarai. Abin da ya ɓace masa shi ne sunan ciwon, da inda yake, da lokacin da ya fara. Har ma ana iya cewa nasa ya fi namu tsanani ta wata fuska: ni in haƙori ya dame ni, na san haƙori ne, na san gobe zan je a cire, sai in daure. Shi bai san mene ne ba, bai san zai wuce ba, ga shi kuma wasu mutane da bai gane su ba suna ɗaga shi suna juya shi. Ciwo ya haɗu da tsoro. In ya kai duka ko cizo, sai a ce haukan ya tashi.

Kada ku ɗauka sakacin nan namu ne mu kaɗai. A shekarar 2000 wasu likitoci biyu a birnin Niyok, Morrison da Siu, suka duba tsofaffin da suka karye a ƙugu aka kwantar da su asibiti. Karaya iri ɗaya, aiki iri ɗaya, amma waɗanda suka ruɗe ƙwarai sulusin maganin kashe zafin da aka ba masu hankali kaɗai aka ba su. Dalili kuwa ba wani ba ne, mai hankali yana kira yana roƙo, wanda ya ruɗe ba ya roƙo. In haka ta faru a inda ma'aikata da magani suke birjik, yaya ke nan a ɗakin da jika 'yar shekara goma sha biyu ce mai jinya, iyayenta sun yi sammako sun tafi aiki Abuja, ba za su dawo ba sai bayan isha'i?

Mu kuma muna da wani ƙarin shinge na al'ada. An raine mu a kan dauriya. Namiji ba ya raki, Bafulatani yana da fulako, uwa ba ta so ta ɗaga hankalin ɗanta da ke nema a wata ƙasa. "Da sauƙi" gaisuwa ce, ba bayanin jiki ba ce, kuma tana daga cikin kalmomin da suke daɗewa a bakin tsoho bayan sauran sun zube. Saboda haka in ka ji ta, ba ka ji kome ba tukuna.

To, me za a yi? Abu na farko, a tambaye shi duk da haka. Wanda cutar ba ta yi nisa da shi ba yana iya ba da amsa ta gaskiya in an iya tambaya. A zauna daidai fuskarsa, a kashe rediyo, mutum ɗaya ya yi magana. Kada a ce, "Jiya ka kwana da ciwo?" domin jiya ta riga ta ɓace masa. A tambayi yanzu. A ɗora hannu a gwiwa a ce, "Baba, nan yana zafi?" a jira, kada a yi gaggawa. In bai gane "ciwo" ba, a sake kalma: zugi, suka, raɗaɗi, murɗa, sara, tsami. Hausa ba ta rasa kalmomin ciwo ba. Kuma a lura da wannan, domin ya shafi garin nan musamman, inda Gbagyi da Hausawa da Fulani da sauran kabilu suke zaune tare: mai ciwon mantuwa yakan saki harshen da ya koya da girma ya koma na nono. Tsohuwar da ta yi shekara sittin tana ciniki da Hausa, sai ka ga ta koma Gwaranci zalla, ko tsoho ya koma Fulatanci. A nemo mai jin harshen ya yi tambayar. Ku da kuka ɗauki iyayenku kuka kai su Agege ko Sabo, ku tuna likitan can da Turanci ko Yarabanci zai yi tambaya, kada ku bar tsoho ya shiga wurinsa shi kaɗai.

In baki ya kasa gaba ɗaya, sai a koma ga abin da Bahaushe ya riga ya faɗa: labarin zuciya a tambayi fuska, kuma jiki magayi. Masana ba su yi wani abu ba illa tsara wannan hikima a takarda. A 2003 wasu ma'aikatan lafiya a Amurka, Warden da Hurley da Volicer, suka fito da wani ma'auni da ake kira PAINAD, a 2004 kuma wata malamar jinya a Ostareliya, Jennifer Abbey, ta fito da nata. Na farkon zan bayyana, domin ko wanda bai yi boko mai zurfi ba zai iya aiki da shi. Za ka zauna ka zuba wa tsohon ido kamar minti biyar, kana duban abu biyar. Numfashinsa: a natse yake, ko yana haki, ko yana ja da ƙyar da ƙara? Muryarsa: shiru, ko nishi jefi-jefi, ko kira da kuka ba ƙaƙƙautawa? Fuskarsa: a sake, ko a ɗaure da alamar tsoro, ko a yamutse, goshi ya tattare, ido a runtse, haƙora a cije? Jikinsa: a sake, ko yana mutsu-mutsu da kai da kawowa, ko ya sandare, ya dunƙule hannu, ya naɗe gwiwa zuwa ƙirji, yana ture mai taɓa shi? Na biyar, lallashi: in ka yi masa magana mai daɗi ka riƙe hannunsa, yana natsuwa, ko kuwa ba ya lallasuwa sam? Kowane ɗaya, in babu kome sifiri, in kaɗan ne maki 1, in ya yi yawa maki 2. Jimla ba ta wuce 10. In ta kai 2 ko fiye, a ɗauka akwai ciwo har sai an bincika an tabbatar babu.

Amma akwai sharaɗi guda wanda in an bar shi duk aikin ya tashi a banza. Kada a auna shi yana kwance kawai. Yawancin ciwon tsofaffi na ƙashi ne da gaɓɓai, shi kuwa irin wannan ciwo barci yake yi sai an motsa. A dube shi sa'ad da ake tayar da shi daga tabarma, sa'ad da ake sa masa riga, sa'ad da zai tsuguna, sa'ad da ake yi masa wanka. Tsohuwar da ba ta faɗa da kowa sai lokacin da za a ɗaga hannunta a sa mata riga, ba rigar take ƙi ba, kafaɗar ce. Iyayenmu mata na Gbagyi da suka yi rayuwarsu suna ɗaukar itace da doya a kafaɗa, ina mamakin a ce wuya da kafaɗa da baya ba su yi tsami ba? Tsohon da ya bar sujada ya koma sallah a zaune, ko ya daina zuwa masai ya fara ɓata shimfiɗa, kafin a ce ruɗewa ce ta ƙaru, a dubi gwiwoyinsa. Mai yiwuwa tsugunon ne ya gagare shi.

Ma'aunin nan kuma ba ya faɗin abin da ke ciwo, ƙararrawa ce kawai. Yunwa, ƙishirwa, jiƙaƙƙen zane, sanyi ko kaɗaici duk suna iya kawo alamun nan, sai a fara kawar da su. Haka kuma wanda shanyewar ɓarin jiki ko ciwon makyarkyata ya daskarar masa da fuska, yana iya shan azaba fuskarsa ba ta nuna ba. In an kawar da waɗancan alamun ba su tafi ba, sai a shiga nema daga kai har ƙafa, da rana, cikin haske, namiji ya duba namiji, mace ta duba mace, a rufe ƙofa domin mutunci. A buɗe baki a haska da tocila, domin ruɓaɓɓen haƙori da gyambon dasashi su ne suka fi hana tsoho cin abinci, a gida kuwa sai a ce ya ƙi abinci ne don rigima. A duba kunne. A shafa ciki: yaushe rabonsa da bayan gida? Bushewar ciki ta kwana biyar tana iya mai da salihin dattijo abin tsoro. A shafa mara, musamman ga maza, domin akwai wani ƙululu a ƙarƙashin mafitsara da yakan kumbura da tsufa ya toshe fitsari. In mara ta yi tauri ta kumbura, fitsari kuwa sai ɗigo, wannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba. A juya shi a duba ƙugu da gindin baya da diddige, inda gyambon kwanciya ke farawa da ɗan ja wanda ba ya washewa in an danna. A duba tsakanin yatsun ƙafa da farce, balle mai ciwon sukari. Da hunturu a nemi ƙunar kaskon wuta, da bazara a tuna da kunama, domin za ta harbe shi ya yi ta ihu ba wanda ya san dalili.

Abu biyu ba sa jira. Na ɗaya, tsohon da jiya yake takawa, yau ya ƙi tsayuwa, ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje. Wannan karayar ƙugu ce har sai hoto ya ƙaryata, ko da ba wanda ya ga faɗuwarsa, shi kuwa ba zai tuna ba. Ina girmama masu ɗori, sun yi wa jama'a aiki tun kafin a gina asibiti, amma ƙashin nan yana can ciki inda kara da tsumma ba sa kaiwa. A kai shi Babban Asibitin Suleja ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Na biyu, rikicewar da ta zo farat ɗaya. Gigin tsufa a hankali yake tafiya, wata da watanni. In cikin kwana ɗaya ko biyu tsoho ya birkice fiye da yadda aka saba, ko ya yi laƙwas yana ta barci, to wani ciwo ne sabo ya shigo, zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon huhu, ko na mafitsara, ko sukari ya faɗi. Sau da yawa jikin tsoho ba ya ma yin zafi. Irin wannan yana warkewa in an yi hanzari.

Saura magani, nan ne kuma kuɗinku na Kurmi ke yin aiki, ko alheri ko akasinsa. Abin da aka saba shi ne, a bugo maka a ce Inna ba ta barci, ta hana kowa sakat. Ka aiko kuɗi, a je kemis a ce a ba da maganin barci. A ba ta Valium ko Largactil, ta yi shiru, kowa ya huta. Ciwon yana nan, bakin kawai aka rufe. Ga jiri, ga faɗuwa, ga shaƙewa da abinci. Tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu magungunan taɓin hankali suna ƙara yawan mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa. Ku kwatanta da abin da aka yi a ƙasar Nowe, aka buga a 2011. Likita Bettina Husebo da abokan aikinta suka ɗauki tsofaffi 352 masu ruɗewa da yawan tashin hankali a gidajen jinya 18. Aka raba su, kashi ɗaya aka riƙa ba su maganin ciwo kullum har mako takwas, mafi yawansu farasitamol kawai, wannan dai da kuka sani. Tashin hankalinsu ya ragu da kimanin kashi 17 cikin ɗari in an gwada da sauran, da aka tsai da maganin kuwa sai ya fara dawowa. Watau wani kaso na abin da ake kira hauka, ciwo ne ba a gane ba.

Saboda haka likitoci sukan yi gwaji: in ana zaton ciwo amma ba a tabbata ba, a ba da farasitamol a kan lokaci, safe da rana da dare, na 'yan kwanaki, a ga ko hali zai sauya. A kan lokaci na ce, ba sai ya nema ba, domin ba zai nema ba. Ga tsoho ba a so a wuce giram 3 a yini, watau ƙwaya shida masu miligiram 500, wanda ya rame ƙwarai ko mai ciwon hanta kuwa ƙasa da haka, saboda haka ma'aikacin lafiya ne zai yanka adadin bayan ya gan shi. A kuma ɓoye kwalin, kada ya sha ya manta ya sake sha. Abin da nake roƙonku ku hana shi ne haɗin nan na kemis da na masu talla a tasha, ƙwaya huɗu ko biyar a ƙulle a leda ba suna. Galibi akwai diklofenak ko ibufurofen ko Feldene a ciki, wani lokaci biyu a haɗe. Suna kashe ciwon gaɓɓai, gaskiya ne, amma ga tsoho suna huda tumbi su sa aman jini ko baƙin bayan gida, suna lalata ƙoda, suna ta da hawan jini. Taramol kuwa, ban da abin da ya yi wa samarinmu, yana ƙara wa tsoho ruɗewa da bushewar ciki. In ciwo ya fi ƙarfin farasitamol, kamar na daji ko karaya, akwai magunguna masu ƙarfi a manyan asibitoci, kuma ruɗewa ba dalili ba ce ta hana shi su. Ku tambaya da bakinku, tun da shi ba zai iya ba.

Ba kome ne kuma sai ƙwaya ba. Gashi da ruwan ɗumi, wanda mai jinya ta fara gwadawa a hannunta, tausa da man kaɗanya, katifa mai laushi maimakon tabarma a kan siminti, juya majinyaci duk bayan awa biyu, kujera mai rami a kan bokiti don a hutar da gwiwa, ruwan sha a kai a kai, gwanda da miyar kuɓewa ko ta kuka saboda ciki. Ni a ganina kuɗin da ake kashewa wajen ƙarin ruwa da kwalaben ƙarin jini don a ga an yi wani abu, da a nan aka sa su da sun fi amfani.

Wanda ya fi kowa sanin ciwon tsoho kuwa ba ni ba ne, ba likita ba ne, ba kai mai aiko kuɗi ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar ƙaninka ce, ko ƙanwarka da ta dawo gida, ko 'yarka da ka bari wurin kaka. Ita ta san yadda Baba yake in yana lafiya, don haka ita za ta fara ganin ya sauya. Sau da yawa takan gani ta yi shiru, don kada a ce ta gaji da surukinta. In ka bugo waya, bayan gaisuwa ka nemi ita, ka yi mata tambayar da "da sauƙi" ba za ta amsa ba. Ya cinye tuwonsa jiya, da hannunsa ko sai da aka ba shi? Yaushe ya yi bayan gida? Sau nawa ya farka? A tsaye ya yi sallah ko a zaune? Wane lokaci ne yake faɗa, kuma me ake yi masa a lokacin? In wayar mai hoto ce, kada a nuna maka shi an jingine shi an sa masa hula. Ka ce a bar wayar a kunne sa'ad da ake tayar da shi, ka dubi fuskarsa da kanka. Kuma cikin abin da kake aikowa ka ware wa mai jinyar nata da sunanta, ka shirya wanda zai karɓe ta ko da yini ɗaya a mako, domin wadda ba ta yi barci ba kwana uku ba za ta lura da yamutsewar goshi ba.

Kafin ku koma, kowa ya sayi littafin rubutu na 'yan makaranta ya bar shi a ɗakin. Kullum a rubuta kwanan wata, da makin da aka samu yana kwance, da wanda aka samu yana motsi, da abin da ya ci, da bayan gida, da maganin da aka ba shi da lokacinsa. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Ranar zuwa asibiti a tafi da littafin, da duk kwalayen maganin da ke ɗakin har na gargajiya, da ita mai jinyar kanta, ba wani babban gida da bai taɓa kwana a ɗakin ba. Waɗanda iyayensu ke tare da su a Kudu, akwai cibiyar kula da tsofaffi ta Cif Tony Anenih a Asibitin Koyarwa na Badun, wadda aka buɗe a 2012, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Yaba a Ikko da Aro a Abekuta. Mu nan kuwa, bayan Suleja da Gwagwalada, akwai na Barnawa a Kaduna.

Shugaban taro, na ga an fara shimfiɗa tabarmin la'asar, a nan zan dakata. Na zo da takardun ma'aunin nan da na juya da Hausa, mai so ya karɓa bayan salla, in nuna masa yadda ake cikawa. Wassalamu alaikum.